Allura Ta Tono Garma

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa ciniki ba ya faɗawa sai ido ya gani, hannu kuma ya taɓa. Mai sayen tukunya kan ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ya kasa kunne, domin tukunyar da ta tsage ba ta iya ɓoye muryarta. Mai sayen rago kan buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya shafa gadon bayansa, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Mai sayen hatsi kan cusa hannu har gindin buhu ya ɗebo na ƙasa, don kada a yi masa ado da na sama. Sai an gama wannan duka sannan a shiga tayi, mai kaya ya yi ta cewa albarka, har a kai inda zai sallama. In wani abu ya biyo baya kuwa, kowa ya san inda za a nemi laifi, tun da a gaban mutane aka duba, a gabansu kuma aka biya. Abin da ya saɓa wa wannan tsari shi ne Bahaushe ya kira cinikin biri a sama, kuma babu mai hankalin da ke yarda da shi.

To amma zamani ya kawo mana wasu kaya waɗanda aibinsu ya fi ƙarfin ido, kuma taɓa su da hannu shi ne ma abin da ke lalata su. Irin waɗannan kaya sun jefa mai saye da mai sayarwa cikin wani hali da kakanninmu ba su sani ba, wato halin da mutum biyu masu gaskiya za su tsaya a kan abu guda, kowannensu yana ganin an cuce shi, alhali babu wanda ya yi niyyar cutar wani. A kan wannan hali muke son mu tattauna da mai karatu, ta hanyar abin da ya same mu a Titin Bauchi, cikin garin Jos, a hunturun farkon shekarar 2024.

Dalilin da ya kai mu kasuwar kwamfuta ba wani abu ba ne illa tsoron asara. Akwai wasu faya-fayan kaset da muka gada daga wani malaminmu, Allah ya jiƙansa, waɗanda ke ɗauke da waƙoƙin baka da tatsuniyoyi da hirarrakin tsofaffin leburorin kuza na Bukuru da Barikin Ladi. Masu muryoyin nan duk sun riga mu gidan gaskiya, zaren kaset kuwa ba ya jiran kowa, kullum ƙara rauni yake yi. Tun gobarar da ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos a harabar Naraguta cikin watan Oktoba na 2016, duk wani malami mai ajiye da abin da babu irinsa a wani wuri ya daina barci da ido biyu rufe. Saboda haka muka ƙudura mu haɗa kwamfutar tebur mai ƙarfi, wadda za ta iya juye muryoyin nan ta tace su, a adana su a wurare da dama. Ɗan ƙanwarmu, wanda ya karanci ilimin kwamfuta kuma yake cin abinci da gyaranta, shi ya ba mu shawarar cewa sayen sassa a haɗa ya fi sauƙi da ƙarko bisa sayen haɗaɗɗiya. Wanda ya san yadda farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabo bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, zai gane cewa kuɗin da muka ɗauka muka nufi kanti ba rarar albashi ba ne, tari ne na watanni.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana wa wanda bai taɓa leƙa cikin kwamfuta ba yadda abin yake. A cikinta akwai wani babban allo wanda masu gyara ke kira madabod, mu kuwa za mu kira shi uwar-allo, domin a jikinta kowane sashe ke maƙale yana shan wuta, kamar 'ya'ya a jikin uwa. Dalmar da ake liƙa ƙananan sassanta da ita mafi yawanta kuza ce, wato ma'adinin da ya tara kakanninmu a wannan tsauni tun farkon ƙarni na 20. A tsakiyar uwar-allo akwai wani gurbi mai kusurwa huɗu da ake kira soket, inda furosesa ke zama, ita ce kuwa ƙwaƙwalwar da ke yin dukkan lissafi. A da, furosesa ce ke da allurai a cikinta kamar ƙayar bushiya, gurbin kuma yana da ramukan da suke shiga. A shekarar 2004 kamfanin Intel ya juya wannan tsari, ya fito da gurbi mai allurai 775, furosesa kuwa ta zama shafaffiya, sai ɗige-ɗige masu ruwan zinariya a cikinta. Daga nan adadin ya yi ta hauhawa: 1,155 a 2011, sai 1,200 a 2020, sai 1,700 a 2021. Kamfanin AMD ya daɗe a kan tsohon tsari, amma shi ma a 2022 ya bi sahu da gurbi mai allurai 1,718.

Mai karatu ya ƙiyasta allurai 1,700 a tsaye cikin filin da bai fi fuskar kwalin ashana ba. Kowace ta fi allurar ɗinki sirantaka nesa ba kusa ba, kowace an ɗan karkata kanta domin ta dosa wa ɗigonta idan an danne furosesa, har in mutum ya dube su a haske sai ya ga kamar gonar alkama da iska ta kwantar gefe guda. Kowace kuma da aikinta: wata wuta take kaiwa, wata saƙo take ɗauka zuwa ma'adanar wucin gadi da ake kira ram, wata kuma zuwa wani sashe. Idan ɗaya ta kauce daga ɗigonta, ko ta jingina da maƙwabciyarta, kwamfuta na iya ƙin tashi, ko ta tashi da rauni, ko ma wani abu ya ƙone. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce, in ji masu iya magana, amma waɗannan gefen farce ko zaren hannun riga ya isa ya kwantar da su. Don haka ne ake sayar da uwar-allo da wani baƙin murfin roba a kan gurbin, kuma babu ɗan kasuwar da zai yarda a ɗaga shi a yi ta leƙe kafin a biya.

Haka aka yi a kantin da muka je, wanda ke cikin jerin kantunan da ke tsakanin tashar mota da harabar jami'a. Yaron kanti ya buɗe kwali, muka ga allo cikin ledarsa, murfi na nan daram, aka biya, aka ba mu rasit. Da dare ɗan ƙanwarmu ya shimfiɗa kaya a kan tebur, ya taɓa ƙarfe tukuna don ya sauke wutar da busasshiyar iskar hunturu kan tara a jikin mutum, ya ɗaga makullin gurbin, ya daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa da wadda ke jikin gurbi, ya ajiye ta a hankali, ya mayar da makulli. Muna zaune muna kallo. Da aka gama haɗa kome aka kunna, fanka ta juya, fitila ta kama, amma allon kallo ya yi baƙi ƙirin. Aka canza ram, aka canza waya, shiru. Da ya sake buɗe gurbin ya haska fitilar wayarsa a karkace, sai ga wani ɗan wuri a kusurwa inda hasken ya saɓa da na sauran. Allurai biyar ne suka kwanta.

Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wallahi ban danna ba, ban kuma saki ta faɗa ba. Ajiye ta na yi kamar yadda nake yi kullum."

Washegari muka koma kanti da allo cikin kwalinsa. Mai kantin mutum ne mai fara'a, ya tarbe mu da girmamawa, ya sa aka kawo mana kujera. Da ya ji abin da ke tafe da mu, sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Dakta, ka san ba na wasa da haƙƙin mutane. In da wuta ce ba ta shiga, ko wani sashe ne ya mutu da kansa, yanzu zan ɗauko maka wani. Amma allura ba ta lanƙwasa kanta. Kayan nan a rufe suka zo mini, a rufe na ba ka." Ya nuna mana ƙasan rasit, inda aka buga da Turanci cewa kayan da aka saya lafiya ba a dawo da su. Ya kuma bayyana mana, ba tare da ɓoye kome ba, cewa shi daga wani dila a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya saro, dilan kuma daga Dubai, kuma in ya mayar da allo mai lanƙwasassun allurai dariya kawai za a yi masa. Ribarsa a kan allon ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba, in ya karɓa ya ci asarar cinikin kwanaki.

Ɗan ƙanwarmu kuwa ya nuna cewa liƙin da ke bakin kwalin biyu ne, wani a kan wani, abin da ke iya nufin an taɓa buɗe shi a wani wuri kafin ya iso Jos. Mai kanti ya ce kwastan ma kan buɗe kaya su mayar. Murya ta fara tashi, 'yan kallo suka fara taruwa. A nan ne muka lura cewa maganar ta wuce ta kuɗi. Saurayin nan sana'arsa ke nan, kuma a wannan layi yake samun masu kawo masa gyara. In aka watse a kan cewa hannunsa ne ya ɓata allo sabo, gobe babu mai miƙa masa kwamfutarsa. Mai kanti kuma in aka watse a kan cewa yana sayar da kayan da aka taɓa dawowa da su a matsayin sababbi, to sunansa ya zube, alhali ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya fi suna. Allura ta tono garma.

Da muka natsu muka auna, sai muka ga hukunci uku ne ke gabanmu, kuma kowanne ya zo bakin wannan ɗan gurbi ya tsaya. Na farko shi ne na kamfanonin da ke ƙera irin wannan allo. A al'adarsu, garanti yana ɗaukar aibin da ya taso daga ƙira ne kawai, lanƙwasar allura kuwa suna lissafa ta cikin ɓarnar da hannun mai saye ya jawo, har ma sukan shar'anta cewa duk allon da za a mayar musu ya zo da murfinsa na roba. Na biyu shi ne na gwamnati. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar da ta gaji majalisar kare masu saye ta 1992, ta kuma ba mai saye ikon mayar da kayan da aka sayar masa da aibi. Rubutun da ke ƙasan rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Amma dokar ba ta ɗora wa ɗan kasuwa ɓarnar da mai saye ya yi da hannunsa ba, saboda haka tambayar tana nan inda take: a hannun wa allurar ta kwanta?

Na uku shi ne wanda malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa a babin ciniki, musamman a Muhtasar na Shaihu Halil. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da zaɓin mayarwa. Idan aka yi jayayya a kan ko aibin tsoho ne ko sabo, sai a kira masana wannan kaya su duba. In sun tabbatar tsoho ne, an bi mai saye. In kuwa abin ya shige musu duhu, maganar mai sayarwa ake kamawa, tare da rantsuwarsa. Wannan hukunci ya fi sauran biyun kusantar matsalarmu, domin ya san cewa akwai aibin da ba a iya sanin ranar haihuwarsa. Sai dai ƙarshensa rantsuwa ce, kuma da muka ji wani daga cikin 'yan kallo ya ce a ɗauko Alƙur'ani, sai gabanmu ya faɗi.

Wanda ya raba wannan gardama wani dattijo ne mai ɗan teburin gyaran agogo da rediyo a ƙarshen layin, wanda aka ce yana da rumfa a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar watan Fabrairu na 2002 ta tashe su. Mai kanti da kansa ya aika aka kira shi. Ya zo yana jan ƙafa, ya zauna, ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a idonsa, ya daɗe yana juya allon a hasken rana. Sa'an nan ya cire gilashin ya ce, "Alhaji, da kai da yaron nan babu wanda zai rantse a gabana. Kai ba ka ga cikin gurbin nan ba kafin ka sayar, shi kuma bai ƙirga allurai dubu da ɗari bakwai ba kafin ya ɗora. In kun rantse, a kan zato za ku rantse. Ni da nake da gilashi ma ban ga sunan kowa a jikinsu ba."

Muka ce, "To Baba, mene ne mafita?"

Ya ce, "Malam, ka bar mini shi zuwa la'asar. In sun miƙe, ka riƙe kayanka, Alhaji ya rage maka abin da ke tsakanin lafiyayye da gyararre. In ɗaya ta karye a hannuna, Alhaji ya ba ka wani a kan kuɗin da ya saro, ba riba, ku raba asarar wannan biyu. Yaro kuwa a bar shi ya tafi da mutuncinsa."

Babu wanda ya sami duk abin da yake so, amma babu wanda ya iya cewa an zalunce shi. Muka amince, mai kanti ya amince. Muka zauna muna kallon dattijon nan yana aiki da hantsaki da wata siririyar allura da ya wasa da kansa. Ba ya tura allura sau ɗaya ta miƙe, sai ya ɗan taɓa ta ya dakata, ya juya allon ya dubi yadda haske ke kwanciya a kan layin, ya sake taɓawa, domin ƙarfe siriri in aka lanƙwasa shi gaba da baya sau da yawa karyewa yake yi. Ya fi sa'a biyu a kan allurai biyar. Huɗu suka koma sahu sosai, ta biyar ta miƙe amma kanta ya ɗan gauce. Da aka haɗa aka kunna a nan cikin kantin, rubutu ya bayyana a allon kallo, sai dai ɗaya daga cikin ramukan ram ya ƙi aiki. Mai kanti ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo ragin da aka yi alkawari, ya kuma biya dattijon ladan aikinsa daga aljihunsa. Da wannan kwamfuta aka juye kaset ɗin malaminmu, kuma muryoyin leburorin kuza suna nan yanzu a ajiye a wurare uku.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne hikimar hana rantsuwar nan. Mu da muke karantar da adabi mun saba gaya wa ɗalibai cewa a tatsuniya kullum akwai mai laifi, ko Gizo ne ko Kura, kuma labari ba ya ƙarewa sai asirinsa ya tonu. Wannan tarbiyya ta bi mu har kasuwa, ta yadda in kaya suka lalace abin da muke fara nema shi ne wanda za a kama. Amma allon nan ya ratsa hannuwa da yawa, daga masana'anta zuwa jirgi, daga jirgi zuwa sito, daga Ikko zuwa Jos a bayan mota, kuma a ko'ina cikin wannan tafiya abin na iya faruwa ba tare da wani ya sani ba. Inda ilimi ya ƙare, tilasta wa mutum ya rantse tura shi ne ga halaka, ko ya yi ƙarya ko a ɗauke shi maƙaryaci. Dattijon ya gane cewa idan ba a iya gano mai laifi ba, abin da ya rage shi ne a raba nauyi gwargwadon ƙarfin kowa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Rage kuɗi saboda aibi yana cikin fiƙihu, haka ma iƙala, wato ɗan kasuwa ya karɓi kayansa don sauƙaƙa wa mai saye ko da ba dole a kansa, abu ne da shari'a ta kwaɗaitar a kai. Sulhun dattawan kasuwa kuwa ya girmi rasit da garanti.

Duk da haka sulhu magani ne, kuma rigakafi ya fi shi. Kakanninmu ba su dogara ga kyakkyawan zato kawai ba, sun ƙirƙiro wa kowane irin kaya hanyar gwajinsa, tukunya da ƙwanƙwasa, rago da haƙori, hatsi da hannu. Abin da ya rage mana shi ne mu yi wa kayan zamaninmu irin wannan hidima. Wayar da ke aljihun kowa a yau tana iya ɗaukar hoton gurbin nan ta faɗaɗa shi har a ga kowace allura. Mai kantin da muke magana a kansa ya mayar da wannan ƙa'idar kantinsa: bayan an biya, kafin a fita, shi da kansa zai ɗaga murfi a gaban mai saye, a haska fitila, a ɗauki hoto, kowa ya riƙe nasa, wanda kuma ya so, a ɗora masa furosesa a nan take a kunna ya gani. Aikin minti biyar ne, amma ya mayar da ciniki inda Bahaushe ya san shi, wato gaban ido da gaban shaidu.

Muna ganin ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan lantarki, a Jos da Kano da sauran garuruwanmu, su mayar da irin wannan al'ada ta zama ta kowa, su kuma san masana irin dattijon nan su ba su matsayin da dillalai da sarakunan kasuwa ke da shi a da. Ɗalibanmu kuma, waɗanda yawancinsu da kuɗin iyaye ko na guminsu suke sayen waya da kwamfuta, su sani cewa neman a buɗe a duba ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne tun kafin ya tsage. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu za su ci gaba da ƙanƙancewa har su ɓace wa ido ɗungum, amma haƙƙin da ke rataye a kansu ba ya raguwa da raguwar girmansu. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu a wajen saye da sayarwa, ya kuma ba mu dattawan da za su riƙa faɗa mana gaskiya idan ido ya gaza.